Yadda ake kwatanta manyan jami'o'i masu zaman kansu na Amurka kafin a zaɓi guda

Tambayar da ta fi yawan zuwa daga ɗalibai da iyayensu ita ce: tsakanin Harvard da Stanford wacce ta fi? Wasu kuma su turo sunaye goma sha biyar, su ce a jera musu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Babu jerin da zai yi wa kowa daidai. Abin da ake iya yi shi ne kwatanci, kuma kwatancin yana da tsari: a fara da kuɗi, a bi da karatun kansa, sannan damar samun gurbi. Suna shi ne na ƙarshe. Wanda ya fara da suna yakan ƙare wata uku yana wahala a kan makarantar da ko ta ɗauke shi ba zai iya biya ba, ko kuma ba ta ma koyar da abin da yake so. Wannan bayani na mai neman digiri na farko ne, musamman wanda zai nema daga wajen Amurka.

1. Fitar da adadin da gida zai iya biya

Kafin ka buɗe shafin kowace jami'a, ka zauna da mahaifinka ko wanda zai ɗauki nauyinka, ku fitar da adadi guda a dala: abin da za a iya biya kowace shekara har shekara huɗu, ba tare da an sayar da gida ko an ci bashi ba. Rubuta shi a saman takarda. A ƙarƙashinsa ka zana jadawali, ko ka buɗe shi a Excel ko Google Sheets, kowace jami'a da layinta. Ginshiƙan da kake buƙata su ne: cikakken kuɗin shekara, irin tallafin da take ba baƙi (ɗaliban da ba 'yan Amurka ba), kwas ɗin da kake so, girman aji, jarrabawar da take nema, da ranar rufe karɓar fom.

Cikakken kuɗin shekara a irin waɗannan makarantu, wato kuɗin karatu da ɗaki da abinci da littattafai, yanzu ya kusa dala 90,000, a wasu ma ya wuce.

Hattara: kada ka rubuta kuɗin karatu kaɗai. Ɗaki da abinci sukan kai dala 20,000 ko kusa da haka, ga inshorar lafiya da takan ci dubban daloli, ga kuɗin jirgi. Kuma kuɗin yana ƙaruwa kusan kowace shekara, don haka abin da za ka biya a aji huɗu zai fi na aji ɗaya.

2. Raba makarantun gida biyu: masu duba aljihu da masu kau da kai

Wannan matakin ne ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kuma aka fi tsallakewa.

Akwai jami'o'in da idan suna tantance ɗalibi ba sa duba ko yana da kuɗi ko ba shi da shi. Sai sun ɗauke shi tukuna, sannan su lissafa abin da gidansu zai iya biya, su cike ragowar. A shafukansu za ka ga sun rubuta need-blind. Da yawa suna yi wa 'yan Amurka haka, amma waɗanda suke yi wa baƙi ƙalilan ne: Harvard, Yale, Princeton, MIT, da Amherst sun daɗe a kai. Dartmouth da Bowdoin sun shigo sahu a 2022, daga baya Brown da Notre Dame da Washington and Lee suka biyo.

Sauran, irin su Stanford, Columbia, Penn, Cornell, Duke da Jami'ar Shikago, suna duba aljihun baƙo. Ba wai ba sa ba da tallafi ba ne. Suna bayarwa, kuma wanda suka ɗauka sukan cike masa buƙatarsa. Amma neman tallafin kansa yana shiga lissafin ɗauka: baƙo mai neman dala 80,000 a shekara yana takara ne da sauran baƙi a kan ƙayyadadden kaso. Idan abin da gidanku zai iya biya kaɗan ne, damarka a can ta fi ƙanƙanta a kan alƙaluman da kake gani a jarida.

Akwai kuma bambanci tsakanin tallafin buƙata da tallafin hazaƙa. Jami'o'i takwas na ƙungiyar Ivy League, wato Harvard, Yale, Princeton, Columbia, Penn, Cornell, Brown da Dartmouth, ba sa ba da tallafi don ƙoƙarin ɗalibi ko don wasanni, haka ma MIT. Duk abin da suke bayarwa a kan buƙata yake. Don haka idan gidanku na da hali sosai, kuna fata makin yaro ya jawo rangwame, ba nan za ku dosa ba. Ku duba irin su Vanderbilt, Emory, Duke da USC, waɗanda ke da tallafin hazaƙa, amma ku sani guraben 'yan kaɗan ne, kuma wasu ranar rufe nemansu takan riga ta sauran fom.

Za ka kuma ci karo da manyan sanarwa. MIT a ƙarshen 2024, Harvard kuma a Maris 2025, sun ce gidan da kuɗin shigarsa bai wuce dala 200,000 a shekara ba ba zai biya kuɗin karatu ba, wanda bai wuce 100,000 ba kuwa an ɗauke masa har ɗaki da abinci. Princeton tun 2001 ta daina sa bashi a cikin tallafinta. Duk gaskiya ne, amma akwai sharaɗi a ƙarƙashi: dukiyar gidan ta kasance daidai gwargwado. Wanda albashinsa ƙarami ne amma yana da filaye, gidajen haya ko kamfani, za a sa su a lissafi.

Hattara: a yawancin makarantun da ke duba aljihu, baƙon da bai nemi tallafi tun wajen cike fom ba, ba zai iya nema daga baya ba har ya gama. Wasu iyaye kan ce a rubuta ba a buƙatar tallafi don a samu shiga, in an shiga a san yadda za a yi. Wannan dabarar ce take dawo da yaro gida a aji biyu.

3. Nemo alƙaluman makarantar daga hannunta

Kusan kowace jami'a tana wallafa wata takarda duk shekara mai suna Common Data Set. Rubuta sunan jami'ar tare da waɗannan kalmomi uku a Google, za ta fito, kyauta. Tsarinta iri ɗaya ne a ko'ina, shi ya sa ta fi kowane ƙasidar talla amfani wajen kwatanci. Ba sai ka karanta duka ba.

Sashe na C yana nuna mutum nawa suka nema, nawa aka ɗauka. A C7 makarantar tana faɗin abin da take ba muhimmanci: maki, muƙala, wasiƙun malamai, hira, har da ko tana lura da wanda ya nuna yana son ta. C9 na ɗauke da makin da waɗanda suka shiga suka samu a SAT da ACT, jarrabawoyin neman shiga jami'a a Amurka. Sashe na B yana nuna kashi nawa ke komawa aji biyu da kashi nawa ke kammalawa. Sashe na I yana nuna girman azuzuwa.

Wanda ya fi shafar baƙo shi ne H6. A nan ake rubuta baƙi nawa aka ba tallafi, da matsakaicin abin da kowanne ya samu. Ga yadda ake karanta shi. A ce makaranta tana da baƙi 800, ta ba 90 tallafi: ka san yawancin baƙinta masu biya da aljihunsu ne. Wata kuma tana da baƙi 200, ta ba 150 tallafi mai kauri: wannan ko sunanta bai yi amo ba, ita ce ke neman irinka. Ta wannan layin ne mutane ke gano ƙananan kwalejoji irin su Williams, Swarthmore da Pomona, waɗanda ba su da suna a wajen Amurka amma digirinsu na da daraja sosai a cikinta.

Hattara da abu biyu. Na farko, na'urar lissafin kuɗi da doka ta wajabta wa kowace jami'a ta sa a shafinta an gina ta ne don iyalan Amurka. Ka gwada, amma kada ka ɗauki sakamakon a matsayin alkawari. Na biyu, jerin gwanaye na mujallar U.S. News. A 2022 wani farfesan lissafi na Columbia, Michael Thaddeus, ya nuna cewa wasu alƙaluman da jami'arsa ta miƙa ba daidai ba ne. Columbia ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18 a shekara guda, alhali malamai da ɗalibai da ɗakunan karatu suna nan yadda suke. Jerin yana da amfani wajen sanin sunayen da ba ka taɓa ji ba. Tazarar da ke tsakanin ta 6 da ta 14 kuwa ba ta isa a gina shawara a kanta ba.

4. Duba karatun kansa

Abu na farko da ke ba baƙi mamaki: a Amurka ba a karanta likitanci ko lauya a digiri na farko. Sai ka gama shekara huɗu a wani fanni, sannan ka nemi makarantar likitanci ko ta shari'a daga farko, kuma makarantun likitanci kaɗan ne ke karɓar baƙi, tallafi a can ya fi wuya. Idan burinka ka zama likita cikin shekara shida, gara ka san wannan tun yanzu. Haka kuma Harvard ba ta da digiri na farko a kasuwanci, Princeton kuwa ba ta da makarantar kasuwanci ko ta likitanci ko ta shari'a gaba ɗaya. Mai son kasuwanci tun daga aji ɗaya Wharton ta Penn zai duba, ko Cornell, ko Georgetown.

Sai tsarin darussan dole. Brown tun 1969 ta sakar wa ɗalibi mara, in ban da darussan fanninsa shi ke zaɓen abin da zai karanta. Columbia da Shikago akasin haka suke: kowa sai ya bi ta jerin darussan adabi, falsafa da kimiyya, ko me ya zo karantawa. A MIT ko tattalin arziki ka zaɓa sai ka yi lissafi mai zurfi, fiziks, kemistiri da bayoloji. A Princeton kusan kowa sai ya rubuta kundin bincike a shekarar ƙarshe. Yaron da ya tsani dogon karatu da rubutu zai sha wuya a Columbia, wanda kuma ba ya iya tsara wa kansa hanya zai iya ɓacewa a Brown. Wannan ya fi matsayi a jerin mujalla tasiri a kan rayuwar shekara huɗu.

Tambayi kuma: shiga ake yi jami'ar gaba ɗaya, ko wani sashe nata? A Stanford, Yale da MIT kana shiga ne ka zaɓi fanni daga baya. A Penn, Cornell da Carnegie Mellon kana neman takamaiman makaranta ce a cikin jami'ar.

Hattara: kada ka nemi sashen da ake ganin ya fi sauƙin shiga da niyyar sauyawa zuwa kimiyyar kwamfuta ko Wharton daga baya. Sauyin yana da nasa takarar, kuma babu tabbas.

Girma ma a duba. Ɗaliban digiri na farko a Caltech ba su wuce dubu ɗaya ko kusa da haka ba, Amherst kusan dubu biyu, Cornell fiye da dubu goma sha biyar. Buɗe jerin darussan sashen da kake so, ka ga darussa nawa ake koyarwa a wannan zangon da gaske, kuma wa ke koyar da 'yan aji ɗaya: farfesa ne ko ɗalibin digiri na uku.

5. Wuri da zaman yau da gobe

Dartmouth tana ƙaramin garin Hanover, Cornell tana Ithaca, duka wuraren sanyi ne mai tsanani, nesa da manyan birane. Columbia tana tsakiyar birnin Niyok, inda komai ke da tsada. Rice tana Houston ta jihar Tekzas, Emory tana Atlanta, Stanford tana Kalifoniya, can sanyi da sauƙi. Tambayoyi uku za ka aika wa ofishin kula da baƙin ɗalibai ta imel: ana ba da ɗaki duk shekara huɗu? Ana rufe ɗakuna a hutun Disamba, in ana rufewa ina baƙi ke zama? Akwai wurin ibada da abincin da ya dace da addininka? Sannan ka nemi ɗalibi ɗaya ko biyu da ke can yanzu ta ƙungiyar ɗaliban Afirka ta makarantar. Abin da za su gaya maka a hirar minti ashirin ba ya cikin kowace ƙasida.

6. Auna damarka ba tare da yaudarar kai ba

Harvard, Stanford da MIT suna ɗaukar ƙasa da mutum 5 cikin 100. Yawancin waɗanda aka mayar suna da makin da ya isa. Don haka duk makarantar da ke ɗaukar ƙasa da kashi 15, ka ɗauke ta a matsayin gwada sa'a, komai kyan sakamakonka. Jerin da duka sunayensa irin waɗannan ne ba jeri ba ne. Sa aƙalla uku da suke ɗaukar mutane da yawa kuma H6 ɗinsu ya nuna suna tallafa wa baƙi, sannan ka riƙe wata hanya a wajen Amurka.

Batun jarrabawa ya canza. Lokacin korona kusan duka sun sassauta, amma MIT ta dawo da wajabcin SAT ko ACT a 2022, Dartmouth, Brown da Harvard suka bi a 2024, wasu kuma bayansu. Duba shafin kowacce a shekarar da kake nema. A manyan, yawancin waɗanda suka shiga makinsu na SAT ya haura 1500 cikin 1600. Jarrabawar Turanci kuwa, TOEFL, IELTS ko Duolingo, wasu makarantu sukan yafe wa wanda ya yi sakandare da Turanci. Ka tambaya kafin ka biya.

7. Zaɓi ƙofar da za ka shiga ta ita

Ƙofa uku ce. Ta gama-gari ana rufe ta farkon Janairu, sakamako ya fito ƙarshen Maris. Sauran biyun na sammako ne, yawanci ana rufewa 1 ga Nuwamba, amsa ta zo tsakiyar Disamba.

Sammako mai ɗauri, wanda fom ke kira Early Decision, shi ne na Columbia, Penn, Brown, Cornell, Dartmouth, Duke da Northwestern. Kai da mahaifinka da jami'in makarantarku kuna sa hannu cewa in an ɗauke ka za ka je, ka janye sauran. Kason ɗauka a nan yakan fi yawa, C21 na takardar da aka ambata zai nuna maka, sai dai a cikinsu akwai 'yan wasa da aka riga aka zaɓa. Sammako marar ɗauri shi ne na MIT, inda kana da 'yancin ƙin zuwa. Harvard, Yale, Princeton da Stanford nasu ba ya ɗaure ka, amma sun hana ka yin sammako a wata jami'a mai zaman kanta a lokaci guda, in ban da 'yan keɓantattun yanayi.

Hattara: mai ɗauri yana kashe kwatanci. Tayi ɗaya za ka gani, ba ka da na biyu da za ka aza kusa da shi. Ana iya sakin ka idan tallafin bai isa ba, amma lokacin an makara, ranakun rufe sauran sun matso. In kuɗi ne zai yanke hukunci a gidanku, kada ka shiga wannan ƙofar sai makarantar da ka tabbatar tana cike buƙatar baƙi gaba ɗaya.

8. Lissafa kuɗin neman kansa

Yawancinsu suna karɓar fom ta Common App, wanda ke buɗewa 1 ga Agusta kuma yana ba ka damar makarantu 20. MIT tana da nata daban. Kuɗin fom yakan kama daga dala 70 zuwa 100 kowace makaranta, kuma ana yafewa ga wanda ba shi da hali idan ya nema. Fom ɗin tallafi na CSS Profile dala 25 ne ta farko, 16 kowace ƙari. FAFSA, fom ɗin neman tallafin gwamnatin Amurka, ba ta shafi baƙo ba. Kowace makaranta kuma tana da nata ƙarin muƙaloli bayan babbar muƙalar Common App mai kalma 650, shi ya sa takwas zuwa goma sha biyu da aka yi wa aiki mai kyau sun fi ashirin da aka yi a gurguje. Cibiyoyin EducationUSA, waɗanda gwamnatin Amurka ke tallafa wa don masu son yin karatu a can, suna ba da shawara kyauta. Duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka gurbi tabbas a ɗaya daga cikin waɗannan makarantu, ƙarya yake yi.

9. In tayi ya zo, mayar da kowanne adadi ɗaya

Kowace makaranta da salon rubuta takardar tallafinta, don haka kada ka kwatanta jimillar da suka rubuta da manyan baƙaƙe. Ɗauki cikakken kuɗin shekara, ka cire kyautar da ba a biya kaɗai. Bashi ba tallafi ba ne. Kuɗin aikin cikin makaranta ma sai ka yi aikin za ka gan shi, kuma bizar ɗalibi ba ta yarda ka wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu.

Misali: ta farko kuɗinta 92,000, kyauta 85,000, saura 7,000. Ta biyu kuɗinta 86,000, ta rubuta tallafin 82,000, amma a ciki akwai bashi 6,000 da aiki 3,000. Kyautarta ta gaskiya 73,000 ce, saura 13,000. Wadda ta yi kama da mai sauƙi ta kusa ninka ɗayar.

Sannan ka tambayi kowacce a rubuce: inshorar lafiya tana cikin tallafin? Kuɗin jirgi fa? Tallafin zai ƙaru idan kuɗin makaranta ya ƙaru? Akwai makin da in ka gaza shi za a janye? Idan ka samo tallafi daga wani wuri, nasu za su rage? Akwai kuma haraji: ɓangaren tallafin da ya wuce kuɗin karatu da littattafai, wato na ɗaki da abinci, ana cire wa baƙo harajin kashi 14 a kansa, sai in ƙasarsa na da yarjejeniya da Amurka. Wasu makarantu suna taimakawa da wannan, wasu a'a.

Idan wadda ka fi so ta ba da ƙasa da wata takwararta, rubuta wa ofishin tallafinta cikin ladabi, ka haɗa takardar ɗayar da duk wata shaidar canjin hali a gida, kamar rashin lafiya, rasa aiki ko faɗuwar darajar kuɗin ƙasarku. Ba laifi ba ne, kuma ba a janye gurbi saboda an roƙi a sake dubawa.

10. Duba biza kafin ka ba da kafin alƙalami

Ranar ba da amsa ita ce 1 ga Mayu. Makaranta ɗaya tak ake amsa wa. Wanda ya riƙe gurbi biyu aka gano, zai iya rasa duka. In kana jerin jira na wata, ka karɓi gurbin da ke hannu tukuna, in ta kira ka daga baya ka sauya, kafin alƙalamin farko ya tafi ke nan.

Kafin ka biya, shiga shafin ofishin jakadancin Amurka na ƙasarka ka ga halin da bizar ɗalibai ke ciki, domin tun 2025 gwamnatin Amurka ta taƙaita ba 'yan wasu ƙasashe biza, kuma jerin ƙasashen yana canzawa. Tambayi makarantar ko za ta ajiye maka gurbi da tallafinka zuwa shekara mai zuwa idan biza ba ta samu ba, ka sa amsar a jadawalinka a matsayin ginshiƙi na ƙarshe. Bayan ka amsa za ta aiko maka da takardar I-20, shaidar cewa ta ɗauke ka, da ita za ka biya kuɗin SEVIS (rajistar baƙin ɗalibai ta gwamnatin Amurka) dala 350 da na neman biza dala 185, sannan ka nemi ranar ganawa a makon da takardar ta iso.